Rijiyar da Ta Hana Ni Zama Fasto

Sabon fastonmu yaro ne mai ladabi, wannan ba zan hana masa ba. Ran da ya zo gidana tun daga zaure ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi gwiwata da idona da tunkiyar da aka ce masa ta haihu. Sai da ya sha fura ya goge baki sannan ya fito da abin da ya kawo shi. Wai Lahadi mai zuwa ta matasa ce, za su yi nazari a kan yadda mutum zai gane nufin Allah a rayuwarsa, yana so in tashi in ba da shaida. Na tambaye shi shaidar me. Ya yi ta kwana-kwana yana murza hula a hannu, can dai ya daure ya faɗa. Ya ji a bakin dattawan ikilisiya cewa ina saurayi Allah ya kira ni aikin bishara na ƙi, na ƙare rayuwata cikin rami ina haƙa wa mutane rijiya. Abin da yake roƙo shi ne in gaya wa yaran da bakina cewa na yi da-na-sani, don kada su bi sawuna. Babban ɗana, wanda ke koyarwa a Jos, ya zo ganin gida a satin, yana zaune a kan turmi yana gyaɗa kai tun kafin Fasto ya rufe baki. Nan na gane tare suka dafa abinsu, ni kawai aka kawo wa in ci.

Na ce masa zan tashi. Ban ce masa zan faɗi abin da yake so ba, shi ma bai tambaya ba, ya yi addu'a ya tafi da murnarsa. Ni kuwa ya bar ni zuciyata tana tafasa. Shekara da shekaru ina jin wannan magana ana faɗinta ƙasa-ƙasa in na wuce, amma ba a taɓa cewa in ɗauke ta da bakina in maimaita a gaban jikokina ba. To, tunda an ce a tono, bari a tono har ƙasa.

Inda aka binne cibiyata wani ɗan ƙauye ne a ƙasar Sandamu, gidaje ne da ba su kai a kira su gari ba. Kakanninmu Maguzawa ne, ubana ne ya fara karɓar baftisma a gidanmu, kuma har yau in na ce ni mutumin Daura ne kuma Kirista, sai a tambaye ni daga wace ƙasa iyayena suka zo. Daga nan suka zo, daga gindin tsamiyar da ke bayan gidana. Majami'armu ta laka ce da jinkar ciyawa, ƙararrawarmu kuwa tsohon wilin mota ne da aka rataye a reshen darbejiya. Da asuba kiran salla zai taso daga unguwar maƙwabta, can jimawa a buga wilinmu, tsakaninsu kuma ka ji luguden mata da kukan jakuna da ƙarar igiyar guga tana goga gungumen bakin rijiya. Aikinmu na yara shi ne kai awaki kiwo da yanko kaba, mu jiƙa ta mu zauna muna tufka igiya har cinya ta yi ja. Ran Lahadi matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, su buga tulu da kacau-kacau, su yi waƙa har jinka ta riƙa zubo mana tsinkaye a ka. Yanzu majami'ar ta bulo ce da rufin kwano, ga lasifika ga janareta, wilin nan ban san inda aka jefar da shi ba. Ba na cewa da ta fi yanzu a komai. Amma a da in mutum ya yi waƙa, muryarsa ake ji.

Baba mai haƙar rijiya ne, kuma ba mutum ne mai yawan magana ba. Yana iya tsayawa a fili ya dubi inda gawo ya yi lafiya da inda gara ta yi suri, ya taka ƙasa da diddige, ya ce a nan za a fara. Kayan aikinsa dagi ne, wato dogon ƙarfen nan mai kaifin baki, da gajeruwar diga, da gugan fata, da fitilar da ake zurawa cikin rami kafin mutum ya sauka. In ta mutu a hanya, ranar ba mai shiga, don iskar ƙasa ta ɓaci. Abokin aikinsa wani ƙaton Musulmi ne mai ido ɗaya, muna ce masa Baffa, shi ke riƙe igiya a sama. Baba ya sha gaya mini in zan canza komai a aikin nan in canza, amma kada in canza mai riƙe mini igiya. Tun ban fara gemu ba nake sauka, muna karɓa-karɓa da Baba, kuma na tsani aikin nan tsana mai tsanani. Ka wuni cikin duhu, ka fito ja jawur 'yan mata suna ƙunshe dariya, farcenka ba ya taɓa fita. A ganina a lokacin, Allah bai halicce ni don wannan ba.

A zamaninmu in aka ce Allah ya kira mutum, abu ɗaya ake nufi: zai tafi makarantar fastoci can kudu, ya dawo da farar kwala da keke. Noma da ƙira da saƙa da haƙar rijiya, waɗannan abin da ake yi ne kafin kira ya zo, ko in bai zo ba. Ni kuwa na iya karatu tun da wuri, muryata tana fita, in na yi karatu ran Lahadi sai tsofaffin mata su riƙa cewa wannan na Ubangiji ne. Tsohon fastonmu, mutum mai tsauri da ɗan gajeren gemu, wanda ya sha wuya ƙwarai kafin majami'ar nan ta tsaya da ƙafarta, ya sa ido a kaina. Ya yi ta rubuta takarda har aka ba ƙauyenmu gurbi ɗaya, dattawa suka ce nawa ne. Matan zumunta suka ɗinka mini riguna biyu, Inna ta yi mini ƙuli-ƙuli da dakuwa, aka sa ranar da zan shiga motar Kano a tashar Daura. A raina na riga na yi sallama da dagi.

A ranin nan muna aiki a wani ƙauye can arewa wajen iyakar Nijar, na manoma da Fulani makiyaya, duk Musulmi. Tsohuwar rijiyarsu ta rufta, matansu kan yi sammako su tafi wani gari ɗebo ruwa, ba sa dawowa sai rana ta take tsaka, da tulu ɗaya a ka. Na ga wata mace tana wanke wa jaririnta fuska da ruwan da ta guntsa a baki. Sun karɓe mu da mutunci, suna kawo mana tuwo da nono. Amma akwai wani ƙoƙo mai tsaguwa a baki da aka ware mana ni da Baba, ana rataye shi daban a jikin danga, ba mai sha da shi sai mu. Baba bai taɓa nuna ya lura ba. Ni kuwa duk kurɓa sai ta tsaya mini a maƙogwaro.

Saura kwana tara in tafi, rami ya yi nisa, sai igiyar gugan ƙasa ta tsinke Baba yana ciki. Gugan cike da laka ya sauko masa a kafaɗa. Baffa ya jawo shi sama shi kaɗai har fatar tafin hannunsa ta saluɓe. Mai ɗori ya zo ya ɗora, ya ce da sauran kwana, amma hannun nan ya gama riƙe dagi.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce a nemo wani ya ƙarasa mana. Ba a yin haka. Mai haƙa ba ya sauka ramin da wani ya fara, domin bai san bangon ba. Bai san inda rairayi ke zubowa ba, bai san wace matakala ce aka sara a ƙasa mai ƙarfi, wace ce ake takawa da addu'a ba. Ka zagaye ƙasar Daura kaf ba za ka sami mai yarda ba, wanda ya yarda kuwa ba mai haƙa ba ne, ya dai gaji da duniya. Kuma ba a barin rami a buɗe cikin gari, zai ci akuya, zai ci ɗan wani. Don haka rijiyar da aka bari a rabi hanya biyu gare ta: ko wanda ya san ta ya ƙarasa, ko a mai da ƙasarta a cike. In aka cike, matan nan sun koma hanyarsu da tulu har wani ranin, ko wanda ke bayansa. Mutum biyu ne a duniya suka san bangon ramin nan. Ɗaya yana kwance da karan ɗori a kafaɗa, ɗayan kuma akwatinsa a ɗaure yake.

Baba bai ce mini tafi ba, bai ce zauna ba. Da na matsa masa sai ya juya fuskarsa bango, ya ce shi rijiya ya sani, bai san kira ba. Inna kuwa kuka take, ita so take a ce ta haifi fasto. Na yi azumi kwana uku. Ina fita bayan gari ƙarƙashin wata aduwa in durƙusa in roƙi Allah ya nuna mini, ko a mafarki ko ta bakin wani. Ban yi mafarki ba, ban ji murya ba. Yaran yanzu in sun tashi shaida sai ka ji Ubangiji ya ce mini kaza, Ubangiji ya ce mini kaza, kamar suna da lambar wayarsa. Ni bai ce mini komai ba. Abin da kawai na lura shi ne duk sanda na rufe ido na ga kaina a gaban jama'a ina wa'azi, sai bakin ramin nan ya shigo mini, a buɗe, a tsakiyar gidajen mutane.

Na je wurin Fasto na durƙusa, na roƙe shi ya rubuta wa makaranta su yi mini haƙuri na sati biyu. Ya ce makaranta ba ta jiran kowa, gurbi ɗaya ne, in ban shiga motar nan ba wani zai shiga. Ya yi mini magana mai tsawo a kan rayukan da ke hallaka ba mai wa'azi, kuma gaskiya yake faɗa a yadda ya gan ta. Can ya ce:

"Allah na kiranka, kai kana sauraron rami? Don mutanen da ko ƙoƙonsu ba su yarda ka sha da shi ba?"

Na ce, "Baba Fasto, in na tafi cikewa za a yi."

"A cike mana. Ai ƙasa ce."

Ba a musu da babba. Amma kalmar nan tasa ita ta yanke mini shawara. Shi ƙasa yake gani, ni kuwa na dafa bangon nan da hannuna na ji sanyinsa, na san akwai ruwa ko ba jima ko ba daɗe. Ranar da motar Kano ta tashi daga Daura, ɗan wani dattijon ikilisiya ne a cikinta, sanye da ɗaya daga cikin rigunan da aka ɗinka mini. Ni kuwa ina bakin rami ina ɗaura igiya a ƙugu. Baffa ya dube ni da idonsa ɗaya, ya ja ƙullin ya gwada, ya ce in fara da ƙafar dama.

Sati biyun da na yi zato ya zama wata biyu da 'yan kwanaki. Kwana huɗu da komawata dagi ya yi ƙara, na ji dukan har kafaɗa. Marmara ce, jan dutsen nan da ke cinye bakin ƙarfe. Wuni guda in na ɓantaro cikin guga biyar ko shida, na yi ƙoƙari. Tafukan hannuna suka yi bororo, suka fashe, suka sake yi. A can ƙasa sama ba ta wuce faɗin faifai ba, ba ka jin komai sai numfashinka da ƙarar ƙarfe, da muryar Baffa in ya leƙo yana tambaya ko ina nan. In azahar ta yi sai ya ɗaure igiya a gungume ya tafi salla, ni kuma in jingina da bango in yi tawa addu'ar. Ba addu'a ce mai kyan ji ba, faɗa nake da Allah. Ina ce masa, in nufinka ne in tafi, me ya sa ka bari igiya ta tsinke? In kuma nufinka ne in zauna, wannan dutse na mene ne? Ban taɓa yi wa ubana magana da irin wannan murya ba, amma na yi wa Allah, kuma bai rufta ramin a kaina ba.

A gida kuwa an riga an yanke mini hukunci. Lahadin farko Fasto ya tashi a gaban jama'a ya ce na yi wa dattawa rashin biyayya, na juya wa kiran Allah baya, don haka an sa ni ƙarƙashin horo. Horo a wurinmu shi ne ka koma bencin ƙarshe, inda ake zaunar da wanda aka kama da giya ko da matar wani. Ba ka karatu, ba ka tsayawa a gaba, in ana raba jibin Ubangiji, gurasar nan ta tarayya, a tsallake ka. Inna ta yi wata guda ba ta ɗaga kai a zumunta. Ni kuwa kowace Asabar ina tako ƙasa in dawo, ran Lahadi in zauna a bencin nan in yi waƙa da ƙarfi fiye da kowa, don su san ban gudu ba. Litinin in koma inda ake rataye mini ƙoƙo daban. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Wata rana na fito daga rami na yi jifa da dagi, na ce wa Baffa na gaji da wahala don mutanen da ke ƙyamar bakina. Bai ba ni haƙuri ba, bai kuma kāre su ba. Ya ce:

"In ka fasa, faɗa mini yanzu kana sama, in naɗe igiyata. Abin da ba na so, ka fasa kana ƙasa. Na taɓa jawo wanda ya sauka da rabin zuciya, ba na son in sake."

Na zauna a inuwa na huce. Da la'asar na ɗauki dagina.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutanen gari suka fara tsorata, don in ruwan sama ya sauka bango zai jiƙe ya rufta da wanda ke ciki. Mai unguwa ya ba ni kwana bakwai, ya ce in ba a samu ba a cike. A rana ta biyar da hantsi dagi ya shige ba tare da ya yi ƙara ba. Na zaro shi, ga farin yashi jiƙaƙƙe a bakinsa. Wani ƙamshi ya taso irin na farkon damina. Na durƙusa na yi ta yaƙushi da hannu, sai ga shi yana tsattsafowa tsakanin yatsun ƙafata, a hankali, da sanyinsa. Ban yi ihu ba. Na tsaya ina kallo har ya rufe mini idon sawu. A nan cikin taɓo na gane abin da azumin kwana uku bai nuna mini ba. Ba murya na ji ba. Faɗan da nake yi da Allah ne kawai ya ƙare, kamar yadda ciwon haƙori ke sauka, na ji babu inda ya kamata in kasance a duk duniya sai inda nake tsaye. Na cika guga na ja igiya sau uku. Da ya isa sama, guɗar mata ta sauko cikin ramin ta zagaye ni.

Al'ada ce ruwan farko mai unguwa ke fara kurɓa, da lakarsa, sannan tsofaffi. Ko da na fito gari ya taru. Matar nan mai jariri ta kwara masa a ka, yana ta tsala kuka ita tana dariya. Aka sa mini albarka iri-iri, liman ma ya yi mini addu'ar Allah ya shirye ni, na ce amin, don na san da alheri ya faɗa. Sannan aka ɗebo mini nawa, a cikin ƙoƙon nan mai tsaguwa. Kada wani ya zaci ranar aka jefar da shi. Ba a jefar ba, har na bar garin da shi nake sha. Na karɓa na shanye, bai tsaya mini a wuya ba. Ruwan da ke ƙoƙona da wanda ke nasu daga rami ɗaya suka fito, kuma na san hannun da ya fasa dutsen.

Shekara guda na yi a bencin baya. Sau uku dattawa suna kirana su ce in tashi in ce na tuba a maido ni. Na ce musu ina roƙon gafara don ɓacin ran da na jawo musu, da wahalar da mata suka sha a kan rigunan nan, amma rijiya ba zan tuba a kanta ba. Sai da aka yi wa tsohon Fasto canjin wuri, sannan wata Lahadi mai raba jibi ya tsaya a gabana ya miƙo mini, ba sanarwa ba komai. An maido ni, amma maganar ba ta mutu ba, ta zama abin da ake yi wa yara misali da shi. Wanda ya tafi a madadina ya zama babban Rabaran, mutumin kirki, ya yi aiki mai yawa, ran jana'izarsa motoci suka cika gari. Ban taɓa yi masa hassada ba sai sau ɗaya ko biyu. Ni kuwa na ci gaba da dagi, ni da Baffa, har ƙarfinsa ya ƙare. Na haƙa a ƙofar masallaci, na haƙa a rugar Fulani, na haƙa a bakin karar dabbobi. Ban taɓa yi wa kowa wa'azi a bakin rijiya ba. Amma daga nan har iyaka akwai garuruwan da in aka ce Kirista ba su san fasto ko ɗaya ba, ni suka sani, kuma sun san ban taɓa barin rami a rabi ba.

Yanzu sana'ar ta mutu. Mota ce ke zuwa da ƙuginta, ta kafa ƙarfe, cikin kwana biyu ta huda abin da ya ci mini wata biyu, a ɗora tanki da sola a tafi. Allah ya sani ban yi baƙin ciki ba. Wuyan mata ya huta, kuma ba a ƙara jawo uban wani daga rami da karyayyar kafaɗa. Bara na hau babur aka kai ni garin nan. Rijiyar tana nan, an rufe ta da tsohon kwano da duwatsu, an ce ta ƙafe, ledoji sun taru a gindinta. Wanda na tambaya ya ce bai san wanda ya haƙa ta ba, tashi ya yi ya gan ta. Da na ba ɗana labari a waya sai ya ce, ka gani ko Baba, da wa'azi ka yi da yanzu akwai abin nunawa. Ɗan nan da dagi aka ciyar da shi har ya zama malami, amma tun yana firamare in aka tambaye shi aikin ubansa sai ya ce manomi ne. Abin da ke ƙona mini rai da shi da sa'o'insa da 'ya'yansu shi ne an cusa musu cewa nufin Allah wani babban abu ne can gaba, mai ƙyalli, wanda za a ɗauka a hoto. Suna ta nemansa a cikin waya, alhali uwar wani na kwance a ɗaki ba mai juya ta, gonar wani ciyawa ta cinye. Mutanen garin nan sun sha ruwan rijiyar nan har jariran lokacin suka yi jikoki. In ta ƙafe yanzu, ta ƙafe ne bayan ta gama aikinta.

Lahadin matasan ta zo. Na sa babbar rigata, aka miƙo mini abin magana na karɓa na ajiye a kan tebur, don muryata ba ta buƙatarsa. Fasto ya gabatar da ni da cewa Baba zai gaya mana illar ƙin jin kira. Na ba su labarin yadda yake, ban rage horo ba, ban rage ƙoƙo ba. Sannan na ce:

"An ce in gaya muku na yi da-na-sani. Ban yi ba. Da za a mai da ni safiyar nan, mota na jira a Daura, igiya na jira a bakin rami, igiyar zan ɗaura. Wanda Allah ya kira wa'azi ya tafi, ina sa masa albarka. Ni can ƙasa ya kira ni, kuma na amsa. In kuskure na yi, shi da ya kasance tare da ni a cikin ramin shi zai gaya mini, ba ku ba."

 Wata tsohuwa a ɓangaren mata ta ce amin ita kaɗai, ta kuma ja mayafi ta rufe baki. Fasto ya tashi ya gyara abin da zai gyaru, ya ce wannan ra'ayin Baba ne, aka ɗauki waƙa da sauri. A bakin ƙofa wasu dattawa suka wuce ni ba gaisuwa.

Ni da ɗana muka kamo hanyar gida, shi a gaba, ni a baya da sanda. Na san na kunyata shi a gaban abokinsa Fasto, na kuma shirya jin abin da zai faɗa, amsata ma tana bakina. Da muka iso ƙofar gida sai ya tsaya bai shiga ba. Ya daɗe yana kallon hannuwana a kan sanda. Furfura ta fara cin gemunsa, amma tunda na haife shi bai taɓa yi mini tambaya ko ɗaya a kan aikina ba.

"Baba," ya ce, "ita waccan ta farkon, zurfinta nawa ne?"

Na ce gaba goma sha tara, uku daga ciki dutse.

Ya buɗe hannuwansa biyu ya auna gaba ɗaya a iska, ya dubi tsawonsa, ya ɗaga kai sama yana jera su a ransa, bakinsa na motsi. Sannan ya shiga zaure ya shimfiɗa mini tabarma, shi ya zauna a ƙasa da wandonsa na Lahadi, ya ce in fara masa daga yadda ake zaɓen wuri.